Kuɗin Fito da Zumunci: Tarihin Ciniki da Rufe Iyaka Tsakanin Nijeriya da Nijar

Gabatarwa

A ƙasar Hausa akan raɗa wa kowace babbar yunwa suna, don a riƙa ƙirga shekaru da ita. Akwai Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, akwai kuma 'Yar Gusau, wadda ta sami sunanta daga garin da mutane suka riƙa kwarara neman hatsi. Yunwar da aka yi a Jamhuriyar Nijar daga 1984 zuwa 1985 kuwa sunan mutum aka ba ta, kuma mutumin ba ɗan ƙasar ba ne. Mutanen Maraɗi da Damagaram suna kiranta El-Buhari, wato 'Yar Buhari, da sunan shugaban mulkin sojan Nijeriya na lokacin. Kowa ya san fari ne ya kashe amfanin gona. Amma abin da ya tsaya wa mutane a rai shi ne, a shekarar da suka fi bukatar kasuwannin kudu, a shekarar aka rufe musu iyaka.

Wannan takarda za ta bi tarihin dangantakar ƙasashen biyu ta fuskar haraji da dokokin shigo da kaya. Iyakarsu ta kai tsawon kilomita 1,500, ta taɓa jihohin Nijeriya bakwai, wato Kabi da Sakkwato da Zamfara da Katsina da Jigawa da Yobe da Barno. Ba su taɓa yaƙi da juna ba tun samun 'yancin kai a 1960, kuma da wuya a sami maƙwabciyar da ta tsaya wa Nijeriya kamar Nijar. Duk da haka, sau uku cikin shekara 40 Nijeriya tana rufe wannan iyaka. Abin da za a nuna shi ne, dokokin da Nijeriya ta kafa don kare kasuwarta daga kayan Turai da Asiya su ne suka haifar da sana'ar fasa-ƙwauri a Nijar, daga baya kuma Nijeriya ta dawo tana hukunta Nijar a kan sana'ar.

Kafin a ja layi

Kuɗin fito ya girmi Turawa. Fatake da Azbinawa masu ayarin gishiri da kanwa sun saba biyan sarakunan da suke ratsa ƙasarsu, kuma aikin madugu ne ya daidaita abin da za a bayar a kowane zango. Ba kuma za a ce zaman lafiya ake yi a ƙarni na 19 ba. Sarakunan Haɓe na Katsina da jihadi ya kora sun kafa Maraɗi wajen 1819, suka yi ta kai hari ƙasar Katsina, musamman zamanin Ɗan Baskore. Damagaram ma ta yi yaƙi da Kano har ƙarshen ƙarnin. To amma yaƙi yakan tsai da ayari na ɗan lokaci ne, kuma babu sarkin da yake da ikon toshe dukan hanyoyi a lokaci guda. Wannan iko sai da gwamnatin zamani ya zo.

Ingila da Faransa sun fara raba yankin a takarda a 1890, da layin da ya tashi daga Sayi a bakin Kwara zuwa Barruwa a bakin Tabkin Cadi. Suka gyara shi a 1898, suka sake gyarawa a 1904, don Faransawa sun gane cewa rabon da aka yi bai bar musu hanya mai rijiyoyi daga Kwara zuwa Damagaram ba. Abin da Faransa ta bayar a musaya ya haɗa da haƙƙin kamun kifi a gaɓar wani tsibiri da ke cikin Kanada a yau. Ke nan akwai garuruwan Hausa da suka zama na Faransa saboda cinikin kifin da mutanensu ba su taɓa gani ba. Tsakanin 1906 da 1908 aka bi layin aka kafa turaku.

Layin ya raba mulki, amma kasuwa ta ci gaba da fuskantar kudu. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a shekarar da ta biyo baya, kuma gyaɗar Maraɗi da Magarya da Matamai ba ta da hanyar zuwa teku da ta fi Kano sauƙi. Sulen Ingilishi ya riƙa yawo a kasuwannin ƙasar Faransa kamar a gida. Wannan ya dami Faransawa ƙwarai, kuma yana cikin dalilan da akan kawo na mai da hedikwatar mulki daga Damagaram zuwa Yamai a 1926. Daga 1953 suka fito da wani shiri da suka sa wa sunan tsattsewa, wanda a ƙarƙashinsa ake ɗaukar gyaɗa a mota zuwa Faraku a Dahome, daga can jirgin ƙasa ya kai ta Kwatano. Hanyar ta fi tsada, sai da gwamnati ta riƙa cika kuɗin. Manomi kuwa bai bi ta kan wannan lissafi ba. Shekarar da farashin hukumar sayen gyaɗa ta Nijeriya ya fi, gyaɗa takan gangara kudu a kan jakuna da raƙuma. Shekarar da farashin Faransa ya fi, takan haura arewa. Tun daga nan mutanen bakin iyaka suka gane cewa bambancin dokar gwamnatoci biyu shi kansa haja ne.

Zumuncin gwamnatoci

An gwada amincin Nijar a lokacin yaƙin basasar Nijeriya, daga 1967 zuwa 1970. Faransa ta Janar Dagol ta karkata ga Biyafara, kuma ƙasashe biyu daga cikin waɗanda ta raina, Kwaddibuwa da Gabon, sun amince da Biyafara a matsayin ƙasa. Nijar tana dogara da Faransa wajen cike kasafin kuɗinta, amma Shugaba Jori Hamani ya tsaya a bayan gwamnatin tarayya. A Yamai aka yi zaman sulhu na watan Yuli 1968 a ƙarƙashin Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka. Gwamnatin Janar Yakubu Gawon ba ta manta da wannan ba. A 1971 ƙasashen biyu suka kafa hukumar haɗin gwiwa mai mazauni a Yamai, kuma a 1976 aka ja wutar lantarki daga madatsar ruwa ta Kainji, ta Birnin Kabi, zuwa Yamai. Ita ma wutar ba kyauta ce zalla ba: Nijeriya tana son Nijar ta haƙura da datse Kwara daga sama, don kada ruwan Kainji ya ragu.

Har ila yau, a ran 28 ga Mayu 1975 aka sa hannu a Legas kan yarjejeniyar kafa ƙungiyar ECOWAS, wadda Nijeriya da Togo suka jagoranta. Manufarta ita ce a kawar da haraji tsakanin ƙasashen yankin sannu a hankali, a kuma yi haraji na bai ɗaya kan kayan da ke shigowa daga waje. A 1979 aka amince da 'yancin zirga-zirgar jama'a ba tare da biza ba. A takarda dai komai ya tafi daidai.

Katangar da ta haifi sana'a

Matsalar ita ce ƙasashen biyu sun ɗauki hanyoyin tattalin arziki mabambanta. Nijeriya mai yawan jama'a tana son ta gina masana'antu. Masaƙun Kaduna da Kano, waɗanda na farkonsu ya fara aiki a Kaduna a 1957, suna bukatar kariya daga atamfar Turai da yadin Asiya. Don haka gwamnatoci suka yi ta ɗora haraji mai nauyi, daga tsakiyar shekarun 1970 kuma suka fara fitar da jerin kayan da aka haramta shigowa da su gaba ɗaya. Nijar ba ta da masana'antun da za ta kare, ba ta kuma da teku, saboda haka ba ta da dalilin tsananta haraji. Ga kuma bambancin kuɗi. A lokacin sefa tana jingine da kuɗin Faransa, ana iya canza ta a bankunan waje ba wahala. Naira, wadda ta fito a 1973, a lokacin gwamnati ce ke ƙayyade farashinta da wanda za a ba kuɗin waje. Wanda banki ya hana shi canji sai ya nufi Wapa a Kano, ko 'yan canjin Maraɗi.

Daga waɗannan bambance-bambance aka sami cinikin da ake kira taransi. Tsarinsa ba ɓoyayye ba ne. Ɗan kasuwa yakan yi odar sigari ko atamfa ko shadda ko gwanjo, a sauke a tashar jirgin ruwa ta Kwatano ko Lome da takardar cewa kayan na Nijar ne. Motoci su ɗauko, su haye gadar Malanbil zuwa Gaya, a zuba a sito a Gaya ko Birnin Ƙonni ko Maraɗi. A nan attajirin Kano ko Katsina ko Sakkwato zai zo ya saya, a biya wa gwamnatin Nijar harajin sake fitar da kaya, ma'aikatan duwan su buga hatimi. Har zuwa turken iyaka kayan halal ne. Da sun tsallaka sun zama sumoga, sai a bi da su ta hanyoyin daji da dare, ko kuma ta babbar hanya da rana bayan an daidaita da masu tsaron ta. Cinikin ya fara ƙarfi a lokacin yaƙin basasa, sa'ad da hanyoyin kudu suka toshe, ya kuma bunƙasa da kuɗin mai. Shi ya gina manyan attajiran da wani Bafaranshe mai bincike, Emmanuel Grégoire, ya rubuta littafi a kansu a 1986, wato Alhazan Maraɗi.

Ya kamata a lura da abu biyu a nan. Na farko, ba 'yan Nijar kaɗai ke cin ribar ba. Mai odar kayan sau da yawa ɗan Nijeriya ne, mai saye a Kantin Kwari ɗan Nijeriya ne, wanda ya kau da kai a shinge ma ɗan Nijeriya ne. Na biyu, baitulmalin Nijar ya saba da wannan kuɗi, musamman bayan farashin yuraniyam ya faɗi a farkon shekarun 1980. Gwamnatin da ke fama da biyan albashi ba za ta yi ɗokin kashe harajin da ke shigo mata ba don kawai maƙwabciya ta ce ana karya dokarta. Jamhuriyar Benin ta fi Nijar nitsewa cikin wannan hali, har masana suka riƙa kiranta ƙasar sito.

Amma taransi, duk da yawan kuɗinsa, ba shi ne cinikin da talaka ke rayuwa da shi ba. Akwai tsohon ciniki na abin da ƙasa ke fitarwa. Shanu da tumaki da awaki da raƙuma da wake da aya da kanwa suna gangarowa kudu ta Illela da Jibiya da Maigatari. Gero da dawa da masara suna haurawa arewa daga kasuwanni irin su Dawanau a Kano, tare da taki da robobi da sabulu da man fetur. Makiyayin Nijar yakan sayar da bijimi a naira ya sayi gero a naira. Duk dokar da ta rufe hanya don tsai da sigari, to ta tsai da wannan bijimi da wannan gero.

Shekarar 1984

Kuɗin mai ya ja baya a farkon shekarun 1980, Nijeriya ta shiga matsi, kuma maƙwabta ne suka fara ji a jikinsu. A watan Janairu 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta kori baƙin da ba su da takardu, fiye da mutum miliyan ɗaya, akasarinsu 'yan Gana, amma da 'yan Nijar da yawa a ciki. Wannan ya faru ne shekara huɗu kacal bayan yarjejeniyar zirga-zirga. A ƙarshen shekarar soja suka karɓi mulki, kuma a watan Afrilu 1984 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta sauya launin takardun naira, ta ba da 'yan kwanaki a canza tsofaffin, ta rufe iyakokin ƙasa don kada nairar da ke waje ta dawo. An yi nufin waɗanda suka wawuri dukiyar gwamnati da 'yan canji ne. Sai dai dillalin shanu na Ƙonni da mai sayar da wake na Magarya su ma naira suke ajiyewa, kuma da yawansu sun wayi gari da takardun da ba su da amfani.

An gama canjin kuɗi amma ba a buɗe iyaka ba. Damina ta zo ba ruwa. Dabbobi suka rame, babbar kasuwar da za a kai su tana rufe, farashinsu ya faɗi warwas, hatsi kuma ya yi tsada domin sai ta ɓarauniyar hanya yake shigowa. A 1985 aka sake korar baƙi, mutane suka koma garuruwan da babu abinci. Gwamnatin Janar Saini Kunce ba ta yi fito-na-fito da Legas ba. Ta nemi agajin abinci daga waje, ta matsa wa jama'a su rungumi noman rani, ta ƙara dogara da hanyar Kwatano da Lome. Sai a watan Maris 1986, bayan Janar Ibrahim Babangida ya hau mulki, aka buɗe iyaka. Huldar jakadanci ba ta yanke ba ko da rana ɗaya, hukumar haɗin gwiwa ta ci gaba da zama. Sunan da aka ba yunwar ne kawai ya nuna inda ciwon yake.

Rufewar ba ta kashe taransi ba. Hasali ma a wannan tsakani aka ƙara masa haja, domin Nijeriya ta haramta shigo da shinkafa da masara a 1985, ta haramta alkama a 1987. Masu manyan motoci da manyan abokai sun sami hanya. Ƙaramin ɗan kasuwa ne ya karye.

Shinkafa

Tarihin shinkafa shi kaɗai ya isa ya nuna yadda abin yake. An ɗage haramcin a 1995 aka maye gurbinsa da harajin kashi 100 cikin 100. Daga nan harajin ya yi ta hawa da sauka gwargwadon ra'ayin gwamnati mai ci, har ya kai kashi 110 a 2013. Duk lokacin da ya hau, shinkafar da ake saukewa a Legas takan ragu, wadda ake saukewa a Kwatano ta ƙaru. A 2017 da 2018 Benin, ƙasar da jama'arta ba su wuce miliyan 12 ba, ita ce ta fi kowace ƙasa a duniya sayen shinkafar Tailan. Mafi yawanta kuma turararriya ce, irin wadda 'yan Nijeriya suka fi ci. Wani kaso yakan shiga ta Seme da Idiroko, wani ya haura Nijar ya sauko ta Kamba da Illela da Jibiya da Kwangwalam.

Harajin bai ɗaya na ECOWAS, wanda ya fara aiki a ran 1 ga Janairu 2015, an yi shi ne don a kawar da irin wannan giɓi. Yana da matakai biyar, daga sifiri zuwa kashi 35, kuma matakin ƙarshen don Nijeriya aka ƙara shi. Amma shinkafa a kashi 10 aka sa ta, domin ƙasashen da ke sayenta don ciyar da biranensu ba su yarda ta yi tsada ba. Nijeriya ta ci gaba da ɗora nata ƙarin a kai. A watan Yuni 2015 Babban Banki ya hana ba da kuɗin waje don shigo da kaya iri 41, har da shinkafa. A watan Nuwamba aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance a Birnin Kabi. A 2016 aka hana shigo da shinkafa ta iyakokin ƙasa, a farkon 2017 aka hana motoci.

Hujjar Nijeriya ba ta banza ba ce. Manomin Argungu ko Kura ba zai iya gogayya da shinkafar da ta shigo ba haraji ba, kuma wanda ya zuba jari ya kafa injin casa yana da haƙƙin ya tambayi gwamnati amfanin dokar da ba a tsare ta. Ga man fetur da gwamnati ke biya wa tallafi a lokacin yana kwarara zuwa maƙwabta, ga makamai suna shigowa hannun 'yan bindiga. Masaƙun Kaduna da suka mutu ɗaya bayan ɗaya, babbar cikinsu a 2007, sun zama misalin abin da ake tsoro, ko da yake rashin wuta da tsufan injuna sun kashe su kamar yadda yadin Sin ya kashe su. Inda hujjar ta yi rauni shi ne wajen magani. Giɓin farashi Nijeriya ce ta haƙa shi, masu tsaron shingen kuma ma'aikatanta ne.

A ran 7 ga Yuli 2019, a taron Tarayyar Afirka da aka yi a Yamai, Shugaba Buhari, wanda ya dawo mulki ta hanyar zaɓe a 2015, ya sa hannu kan yarjejeniyar ciniki maras shinge ta nahiyar Afirka. Mai masaukinsa, Shugaba Muhammadu Isufu, shi ne jagoran wannan yarjejeniya. Bayan mako shida, a ran 20 ga Agusta, Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa ba tare da sanarwa ba. A watan Oktoba shugaban hukumar kwastan, Kanar Hamid Ali, ya bayyana cewa an dakatar da shige da ficen kowane irin kaya, har da masu cikakkun takardu. A watan Nuwamba aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, wanda ya sa mutanen Jibiya da Illela da Maigatari, 'yan Nijeriya a cikin ƙasarsu, suka koma sayen mai a galan da tsada.

Abin lura shi ne, a wannan karo dangantakar shugabannin biyu tana da kyau ƙwarai. A watan Janairun shekarar gwamnonin Maraɗi da Damagaram sun halarci taron yaƙin neman zaɓen Buhari a Kano. Shi kansa mutumin Daura ne, tafiyar 'yan mintoci daga iyaka, kuma ya sha faɗa cewa yana da dangi a Nijar. A watan Satumba 2020, iyaka tana rufe, gwamnatinsa ta amince da kwangilar dala biliyan 1.96 don shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi. Wato ana shirin gina hanyar kawo kayan Nijar a daidai lokacin da aka hana tirelar wake wucewa. Nijar ta haɗiye fushinta, ta shiga kwamitin sintiri na haɗin gwiwa da Nijeriya da Benin. A Gana kuwa, inda kayan 'yan kasuwa suka maƙale a Seme, ƙungiyar 'yan kasuwa ta huce a kan shagunan 'yan Nijeriya a Kumasi da Akara, ta garƙame su.

An buɗe iyakoki huɗu a ran 16 ga Disamba 2020, ciki har da Illela da Maigatari. Jibiya da Kamba sai a watan Afrilu 2022. Noman shinkafa ya ƙaru, injinan casa sun yawaita a Kano da Kabi, wannan gaskiya ne. Hauhawar farashin abinci kuma ta tashi daga kashi 13 a watan Agusta 2019 zuwa sama da kashi 19 a watan Disamba 2020, ko da yake annobar korona da faɗuwar naira suna da nasu kason. Shinkafar waje ba ta ɓace daga kasuwa ba. Kuɗin ɗaukarta a kan babur ta cikin daji ne ya ƙaru.

Sa'ad da Nijar ta ɗauki sandar

Rufewa ta uku dalilinta siyasa ne, amma kayan aikinta na ciniki ne. A ran 26 ga Yuli 2023 sojojin da ke tsaron fadar shugaban ƙasa, ƙarƙashin Janar Abdurrahman Tiani, suka kifar da Shugaba Muhammad Bazum. Bayan kwana huɗu shugabannin ECOWAS suka taru a Abuja a ƙarƙashin Shugaba Bola Tinubu, suka rufe iyakoki, suka dakatar da ciniki da huldar banki, suka yi barazanar amfani da soja. Nijeriya ta yanke wutar lantarki, wadda a lokacin ita ce kusan kashi 70 na wutar da Nijar ke amfani da ita. Wutar da aka ja a 1976 don sāka alheri ta zama abin horo. Ɗaruruwan motoci suka yi layi a Malanbil da Illela da Jibiya, albasa da sauran kayan gwari suka ruɓe, magani ya yi ƙaranci a Yamai. Sanatocin Arewa da sarakuna da malamai suka fito suka ƙi yarda da yaƙi, domin jihohinsu ne za su zama fagen fama, kasuwanninsu kuma sun riga sun mutu.

Takunkumin bai mai da Bazum kan mulki ba. Ya dai ba sojojin Yamai hujjar da suke nema a gaban jama'arsu, kuma jama'ar ba su bukaci dogon bayani ba, tun da akwai masu rai da suka ga 1984, kowa kuma ya ga 2019. A watan Satumba 2023 Nijar da Mali da Burkina Faso suka kafa ƙawancen ƙasashen Sahel. A ran 28 ga Janairu 2024 suka ba da sanarwar ficewa daga ECOWAS. Ƙungiyar ta ɗage takunkumin a ran 24 ga Fabrairu, Nijeriya ta buɗe iyaka ta mai da wuta a watan Maris, amma bakin alƙalami ya bushe: ficewar ta tabbata a ran 29 ga Janairu 2025. Nijar ta buɗe nata ɓangaren iyakar da Nijeriya, ta ƙi buɗe na Benin, ta gwammace kayanta su biyo doguwar hanya daga Lome ta cikin Burkina Faso da rakiyar soja.

Daga nan dokokin suka fara fitowa daga arewa. A watan Oktoba 2024 gwamnatin Nijar ta hana fitar da gero da dawa da masara da shinkafa da wake zuwa kowace ƙasa, ban da Mali da Burkina Faso. Wannan ya zo ne 'yan watanni bayan tsadar abinci ta tilasta wa Nijeriya kanta ta janye haraji na kwana 150 kan masara da alkama da wake da shinkafar da ba a gama cashewa ba. A watan Disamba Janar Tiani, cikin wata hira da ya yi da harshen Hausa, ya zargi Nijeriya da haɗa baki da Faransa don a dagula ƙasarsa, Abuja ta musanta. A ƙarshen watan Maris 2025 ƙasashen uku suka sa harajin rabin kashi ɗaya cikin 100 kan kayan da ke shigo musu daga waje. Kuɗin ba shi da yawa, daidai yake da abin da ECOWAS ke karɓa kan kayan da suka fito daga wajen yankinta. Bambancin shi ne yanzu kayan Kano ma a layin kayan waje suke.

A watan Afrilu 2025 ministan harkokin wajen Nijeriya, Yusuf Maitama Tuggar, ya je Yamai ya gana da takwaransa Bakari Ya'u Sangare, suka amince a farfaɗo da hukumar haɗin gwiwar nan ta 1971, suka kuma tattauna batun jirgin Kano zuwa Maraɗi da kasuwannin bakin iyaka. Ba a cika wata guda ba, ana gab da Babbar Salla, Nijar ta hana fitar da dabbobi zuwa waje don farashin rago ya sauka a kasuwanninta. Dillalan Illela da Maigatari suka yi Sallar da ƙarancin raguna, makiyayan Tawa da Damagaram kuma suka rasa masu sayen da suka fi ba su kuɗi.